Yadda Ciwon Suga Ke Cin Ido Ba a Sani Ba

'Yan uwana mata, wannan darasi na masu ciwon suga ne, da kuma duk wadda take da mai ciwon a gida, miji ne ko uwa ko abokiyar zama. Aikina jinya ne a sashen ido, kuma an roƙe ni in yi bayanin abin da ciwon suga ke yi wa ido da Hausar da za a iya karantawa a zaman ƙungiya bayan an gama zubi. Wata za ta ce me ya haɗa akwatin asusu da ciwon ido? To ki dubi waɗanda kuke zaune tare. Magatakarda da ido take rubuta sunaye. Masu ƙirga kuɗi da ido suke bambanta takarda da takarda. Mai ɗinki, mai kitso, mai saƙar hula, mai awon hatsi, kowacce rancen da ta ɗauka da idonta za ta nemo abin biyansa.

Abin da ya sa wannan ciwo ya fi ba ni tsoro a kan sauran ciwukan ido shi ne ba ya sallama. Apolo na zuwa da ja da kwantsa. Yanar ido kowa na iya ganinta idan ta nuna. Wannan kuwa ba zafi, ba ƙaiƙayi, ba hawaye, ido na nan fari tas, mace na zura zare a allura, alhali ɓarna ta yi shekaru tana gudana can ciki. Binciken da aka tattara daga ƙasashe da dama ya nuna cewa a Afirka kimanin mutum ɗaya cikin uku masu ciwon suga yana da wannan matsala, kuma da yawansu ba su sani ba.

Abin da ke bayan ido

A can bayan ƙwayar ido, ta ciki, akwai wani tantani da ke shimfiɗe kamar yadda ake shafe cikin ƙwarya. Kaurinsa bai kai rabin milimita ba. Likitoci na kiransa retina, mu kuma a nan bari mu ce masa tantanin gani. Duk abin da kika kalla, hotonsa a kan wannan tantani yake sauka, daga nan a aika wa ƙwaƙwalwa. Yana cikin sassan jiki da suka fi kowanne cin iskar oksijin idan aka gwada da girmansu, ba ya hutawa, ba ya kuma jure yunwa. Jini ne ke kai masa abinci da iska, ta wasu jijiyoyi ƙanana ƙwarai. Idan na ce jijiya a wannan darasi, jijiyar jini nake nufi.

Ƙanƙantarsu ita ce tushen maganar, don haka bari in tsaya a kanta. A kasa milimita ɗaya gida 1,000. Silin gashin kai yakan kai kimanin 70 daga ciki. Mafi ƙanƙantar jijiyoyin nan faɗinsu tsakanin 5 ne da 10. Jar ƙwayar jini kuma, wadda ke ɗauke da iskar oksijin, faɗinta 7 ne zuwa 8. Kun ga ke nan wani wurin ƙwayar ta fi hanyar faɗi. To ta yaya take wucewa? Allah Ya yi ta da laushi. Tana lanƙwashewa, ta naɗe jikinta, ta kutsa, ɗaya na bin ɗaya, kamar mace mai kaya a ka ta zo siririn lungu ta karkace ta wuce. Muddin ƙwayar na da laushi, hanyar kuma na da santsi, komai lafiya.

Mu da muka san sikila a gidajenmu wannan ba zai yi mana wuyar ganewa ba. Azabar da mai sikila ke sha daga nan take, ƙwayoyin jininsa ne ke sandarewa su cushe ƙananan hanyoyi. Ciwon suga ba sikila ba ne, abin da yake yi bai kai nan tsanani ba, amma yana yinsa ne a hankali, kullum, shekara da shekaru.

Me ake nufi da kaurin jini?

Mata da yawa idan aka ce jinin mai ciwon suga ya yi kauri, sai su ɗauka ya koma kamar zuma ko ruwan alewa saboda yawan sukari. Ba haka ba ne. Babban mutum jinin jikinsa kimanin lita 5 ne, kuma duk sukarin da ke yawo a ciki idan yana da lafiya bai wuce ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba. Mai ciwon da ya yi sama yana iya kai cokali biyu ko uku. Cokali uku a lita biyar ai ko kunu ba zai ji ba. Kaurin daga wani wuri yake zuwa.

Sukari yana da ɗabi'ar mannewa a jikin abin da ya daɗe tare da shi. Jar ƙwayar jini tana rayuwa kimanin kwana 120, kuma duk tsawon kwanakin nan a cikin jini mai yawan sukari take iyo. Sannu a hankali sukarin na kama jikinta, laushinta ya ragu. Idan ta zo siririn lungun nan sai ta wuce da ƙyar, tana gogar bango. Ban da haka, akwai wani sinadari a ruwan jini da ke taimakawa wajen daskarewa idan an ji ciwo, wanda yawansa kan ƙaru a jikin masu ciwon suga. Shi ke sa ruwan jinin kansa ya ɗan yi danƙo, ya kuma sa jajayen ƙwayoyi su riƙa mannewa da juna, su jeru kamar kwabbai da aka ɗora ɗaya kan ɗaya. A babbar jijiya inda jini ke gudu da ƙarfi jerin kan warwatse. A ƙarama, inda gudun ya yi sanyi, sai ya zama cunkoso.

Fararen ƙwayoyin jini ma, sojojin jiki, suna da nasu laifin. Sun fi jajayen girma, sun fi su tauri, kuma ciwon suga na sa su riƙa maƙalewa a bangon jijiya. Guda ɗaya tak ta isa ta tare hanya na ɗan lokaci, idan ta saki kuma ta bar wa bangon rauni. A ƙara da ƙarancin ruwa: suga idan ya hau yana jawo yawan fitsari, ga zafin bazara, ga aikin gaban murhu. Ruwa ya ragu, ƙwayoyi na nan yadda suke, dole abin ya ƙara kauri, kamar koko ya kwana.

Ita ma hanyar ba ta tsira ba

Da jini ne kaɗai ya sauya, da da sauƙi. Bangon jijiyar ma yana lalacewa, kuma a gaskiya nan ne ɓarnar ta fi yawa. Kowace ƙaramar jijiya akwai wasu 'yan ƙwayoyin halitta da suka rungume ta ta waje, suna riƙe ta kamar igiyar da ake ɗaure danga da ita. Suna cikin abin da yawan sukari ke fara kashewa. Idan suka mutu, wurin ya saki, sai bangon ya turo waje ya yi ƙullutu, irin wanda tsohon tiyo ke yi kafin ya fashe. Waɗannan ƙullutai su ne alama ta farko da likita ke gani, jajayen ɗige-ɗige a kan tantanin. A wannan lokaci mai idon ba ta jin komai, ganinta garau.

Daga nan abu biyu ke faruwa, yoyo da toshewa.

Jijiyar da ta raunana tana tsatsafar da ruwa da kitse, wani lokaci da jini. Idan yoyon a gefe ne, ba lallai a lura ba. Amma a tsakiyar tantanin akwai wani ɗan wuri da muke karatu da shi, muke gane fuska, muke ganin kafar allura. Idan ruwa ya taru a nan wurin ya kumbura, rubutu ya dushe, layin da yake miƙe ya zama a karkace, fuskar mutum ta yi hazo alhali ana ganin ƙofa da bango. Wannan kumburi na cikin abin da ya fi rage ganin masu ciwon suga, kuma tabarau ba ya gyara shi.

Toshewa kuwa ta fi yin shiru, ta kuma fi mugun ƙarshe. Duk wadda ta taɓa ganin lambun rani ta san idan laka ta cushe hanyar ruwa, fangalin da ke ƙarshenta ne ke bushewa. Haka jijiyoyin nan ke toshewa ɗaya bayan ɗaya, yankin da suke ciyarwa ya shiga yunwar iska. Tantanin da ke jin yunwa sai ya fitar da wani sinadari na neman agaji, wanda ke sa sababbin jijiyoyi su tsiro. Za ki ce ai alheri ne. Ina! Jijiyoyin nan kamar tsiron da ya fito a inuwa suke, dogaye, sirara, ba ƙwari. Ba sa ciyar da wurin da ake buƙata, sai su miƙe zuwa cikin ruwan da ya cika ƙwayar ido, wani ruwa mai kauri garau kamar ɗanyen farin ƙwai. Rana ɗaya sai ɗaya ta fashe, jini ya zuba a ciki. Mace ta kwanta lafiya, ta tashi tana ganin baƙin hayaƙi ko saƙar gizo-gizo, ko ma duhu baki ɗaya a ido guda. A nan ne ake cewa sammu ne, ko an yi mata jifa, tunda jiya-jiya lafiyarta lau. Ba jiya abin ya fara ba. Idan aka bar shi, tabo na biyo baya, tabon ya tsuke ya ɗago tantanin daga mazauninsa. Sababbin jijiyoyin kuma na iya tsirowa ta gaban ido su toshe magudanar ruwansa, ido ya yi tauri da ciwo mai tsanani. Wannan mataki gyaransa da wuya ƙwarai.

Wani abu mai kyau a cikin wannan duka shi ne, a duk jikin mutum, ido ne wurin da likita ke iya leƙawa ya ga ƙananan jijiyoyin jini ƙuru-ƙuru ba tare da an yanka ba. Irin waɗannan jijiyoyi ne a ƙoda da ƙafafu. Don haka idan aka ga ɓarna a ido, a nemi a duba fitsari da ƙafa su ma.

Abin da ke taimako da abin da ba ya yi

Na san abin da wasunku suka fara tunani tun da na ambaci kaurin jini: a sayi asfirin a kemis don ya tsinka shi. Kada ku yi. An gwada asfirin a kan dubban masu wannan matsala a Amurka, bai hana ta ci gaba ba. Likita na iya rubuta wa wata shi saboda zuciya, wannan daban, amma shansa da ka na iya ɓata ciki ya jawo zubar jini. Ƙaho ma ba ya mayar wa ƙwayar jini laushinta, ga shi ciwon mai suga ba ya saurin warkewa. Tozali, ruwan ganye, maganin ɗigawa da ake talla a kasuwa, dukansu a gaban ido suke tsayawa, ciwon kuwa yana can baya inda ba sa kaiwa. Shan isasshen ruwa yana da kyau, musamman da zafi, sai dai ba ya maye gurbin magani.

Abin da aka tabbatar yana kare jijiyoyin nan shi ne riƙe suga da riƙe hawan jini. A 1993 aka fitar da sakamakon wani babban bincike a Amurka da Kanada a kan mutum 1,441 masu nau'in ciwon da ke kama yara da matasa. Waɗanda aka matsa wa sugansu ya zauna kusa da daidai, haɗarin kamuwa da ciwon idon ya ragu musu da kashi 76 cikin 100. A 1998 wani binciken a Birtaniya, a kan irin ciwon da ya fi kama manya, wato irin wanda ya fi yawa a cikinmu, ya nuna amfanin sauke hawan jini. Bambancin da ke tsakanin rukunin biyu bai fi a ce 144/82 da 154/87 ba, amma ya rage ci gaban ciwon ido da kimanin kashi ɗaya cikin uku. Ina son ku lura da wannan na biyun, domin mata da yawa na dagewa a kan maganin suga su yi wasa da na hawan jini, wai ai ba sa jin ciwon kai. Bangon da ya riga ya raunana, a ce kuma jini na bugunsa da ƙarfi dare da rana, me kuke tsammani?

Akwai awon da ake kira HbA1c. Wancan sukarin da na ce yana mannewa a jar ƙwayar jini, shi ake aunawa, don haka yana faɗin yadda suganki ya kasance a wata biyu zuwa uku da suka wuce, ba na safiyar yau kaɗai ba. Ba a yi masa wayo da kwana biyu na ƙin tuwo kafin ranar asibiti. Ga yawancin manya ana son ya tsaya ƙasa da kashi 7. Idan kina da sikila ko ƙarancin jini ki gaya wa likita, don suna iya sa awon ya ba da lambar da ba daidai ba. Awon yatsa na safe kafin a ci abinci kuma lambobinsa sun bambanta da na'ura: 126 a wata na'urar shi ne 7.0 a wata, a Nijar kuma a takardar gwaji za ki ga 1.26. Duk abu ɗaya ne, kuma daga nan zuwa sama ake cewa ciwon suga. Kada ki gwada lambarki da ta maƙwabciya sai kin tabbatar ma'auninku ɗaya.

A gefe guda, ba duk dishi-dishi ne wannan ciwo ba. Idan suga ya hau ƙwarai, ko aka fara magani ya sauka da sauri, gani kan yi hazo na 'yan makonni sannan ya washe. Kada ki yi gaggawar kashe kuɗi a tabarau a wannan lokaci, za ki saya ya zama bai yi miki ba. Amma kada kuma ki yanke wa kanki hukunci cewa wannan ne. A duba.

Duba bayan ido

Wadda aka gano tana da ciwon suga da girmanta, a duba mata bayan ido nan take, domin sau da yawa ciwon ya yi shekaru a jiki kafin a gano shi. Daga nan sau ɗaya duk shekara, ko da ganinta ya fi na kowa. Idan an ga wani abu, likita zai rage tazarar. Yaro ko yarinya mai allurar insulin, a fara dubawa cikin shekara 5 da gano ciwon.

Masu haihuwa, ku saurara da kyau. Ciki na iya hanzarta wannan ɓarna. Mace mai ciwon suga tun kafin ta samu ciki, a duba idonta kafin cikin idan da hali, ko a wata ukun farko, a ci gaba da bibiya har bayan haihuwa. Ki faɗa wa masu awon ciki da bakinki, kada ki jira su tambaya. Wadda kuma sugan ya zo mata da cikin ne kawai ya tafi bayan haihuwa, ita ba wannan ne damuwarta ba, sai dai ta riƙa awon suga lokaci-lokaci, don yana iya dawowa ya zauna.

Karanta allon haruffa ba shi ne dubawar da nake nufi ba. Mace na iya karanta layin ƙarshe alhali jijiyoyinta na yoyo. Sai an ɗiga magani baƙin ido ya buɗe an haska ciki, ko an ɗauki hoton bayan ido da na'ura. Ba zafi, ɗan yaji ne na daƙiƙu. Amma gani kan yi hazo, rana ta riƙa kashe ido na wasu awoyi, don haka a je da 'yar rakiya, kada kuma a yi niyyar komawa kan keken ɗinki ranar.

Idan an kama shi da wuri akwai abin yi. Ana amfani da hasken lesa a ƙona wuraren da ke fitar da sinadarin nan na neman agaji, sai miyagun jijiyoyin su janye. Ana yin allura a cikin ido don rage kumburi. Na san jin wannan kaɗai na sa tsigar jiki ta tashi, amma ana kashe zafin wurin tukuna, kuma minti kaɗan ne, sai dai yawanci ana maimaitawa sau da dama, a nan kuɗin ke taruwa. Idan jini ya cika ido ko tantani ya ɗago, sai tiyata. Waɗannan ayyuka sai manyan asibitocin ido, irin Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da asibitocin koyarwa. Ku sani kuma yawancinsu tsare ganin da ya rage suke yi, ba kasafai suke dawo da wanda ya tafi ba. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Inda ƙungiya ta shigo

Yawancin matan da ke zuwa mana a makare ba jahilci ne ya tsare su ba. Kuɗin mota ne, da wanda zai tsare yara, da nauyin tambayar maigida kuɗin asibiti alhali ba a kwance ake ba. Waɗannan kuwa ƙungiya ta fi asibiti iya maganinsu. A ƙungiyoyi da dama asusun taimako sai an kwanta, ko an haihu, ko an yi rasuwa ake taɓa shi. Ni a ganina ya kamata ku zauna ku duba dokarku, ku sa duba ido na shekara ga mai ciwon suga cikin abin da asusun zai ɗauka, ko da kuɗin mota ne kawai. Ku gwada shi da abin da za ku fitar idan 'yar uwarku ta daina gani da rance a kanta. Hukuncin naku ne, amma a yanke shi tun ba a san wa zai fara amfana ba, ya fi sauƙin yarda.

Masu ciwon su haɗu su tafi rana ɗaya, mota ɗaya, 'yar rakiya ɗaya ta ishe su. Magatakarda ta riƙe watan da kowacce ta je, ga wadda ta yarda a rubuta, don wata ba ta son a san ciwonta kuma haƙƙinta ne. Mafi sauƙin tunawa a ɗaura shi da lokacin rabo, sa'ad da kowa ke da ɗan abu a hannu. Ku kuma kasa kunne wajen ranar 14 ga Nuwamba, ranar ciwon suga ta duniya, da Alhamis ta biyu a watan Oktoba, ranar gani ta duniya, don a irin waɗannan ranaku wasu asibitoci kan yi awo kyauta. Idan ƙungiya na da hali, na'urar awon hawan jini guda ɗaya a ajiye tare da akwati abu ne mai amfani. Allurar huda yatsa kuwa ba a yin tarayya a kanta, kowa da tata.

Akwai alamun da ba a jira ranar zama ko watan rabo. Idan mai ciwon suga ta ga baƙaƙen abubuwa masu yawa sun bayyana farat ɗaya suna yawo a idonta, ko walƙiya, ko kamar an saki labule ta gefe guda, ko ganin ido ɗaya ya faɗi, ko ido ya yi ja da ciwo mai tsanani, a kai ta asibitin ido ranar ko washegari, a yi lissafin kuɗin daga baya. Ta tafi da katinta da duk magungunan da take sha a cikin kwalayensu. Idan ta isa, ta ce da ma'aikacin da ta fara tararwa: "Ina da ciwon suga, shekara kaza, ina so a ɗiga min magani a duba bayan idona."